Shanyewar ɓarin jiki a tsoho: asibitin gwamnati, na kuɗi, ko a koma da shi gida?

Duk gidan da wannan lalura ta shiga a Kaduna sai an yi muhawarar nan, wani lokaci har da ɗaga murya a bakin get ɗin asibiti. Babban yaya yace a wuce da Baba asibitin Shika a Zariya, ƙanwa tace ina, ga asibitin kuɗi nan a bakin layi tsaf-tsaf ga janareto baya mutuwa, Goggo kuma tace ku dawo min da ɗan uwana gida wannan ba ciwon asibiti bane iska ce ta buge shi. Kowa a cikinsu son tsohon yake, ba mai mugun nufi. Abin da yake kawo rigimar shine shawara biyu ake cakuɗawa wuri ɗaya. Akwai ta ranar da abin ya faru, akwai kuma ta ranar da likita zai ce toh jiki ya lafa za a iya sallama, kuma amsar waccan daban ta wannan daban. Nayi jinyar mahaifina da wannan ciwo, abin da zan faɗa daga can na kwaso shi, da kuma abin da likitoci da nas-nas suka yi ta nanata mana.

Ranar farko dai a cire maganar gida gaba ɗaya. In ka ga baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki ana ɗaga shi yana faɗuwa, ko magana ta harɗe, ko tsoho ya yunƙura daga tabarma ƙafa ɗaya ta ƙi ɗaukarsa, a nemi mota a lokacin ko da ƙarfe biyun dare ne, ko da kuwa abin ya sake shi bayan minti goma ya dawo garau yana cewa ku ƙyale ni lafiyata lau. Wanda yake zuwa ya wuce ɗin nan gargaɗi ne, babban yana iya biyo baya cikin 'yan kwanaki. Kuma wani ya riƙe lokacin ƙarshe da aka gan shi lafiya, dan sai likita ya tambaya.

Dalilin da yasa mai kemis ko nas ɗin unguwa ba za su iya da wannan ba, ciwon iri biyu ne kuma a ido kamarsu ɗaya. Ko dai jijiyar da take kai jini ƙwaƙwalwa ta toshe, shi yafi yawa a duniya, ko kuma jijiyar ta fashe jini ya zuba a cikin kai, wanda a nan Afirka ta Yamma kasonsa ya fi na Turai saboda hawan jinin da mutane ke yawo da shi shekara da shekaru ba magani. Asfirin ɗin da zai taimaki mai toshewa shi zai ƙara wa mai fashewa zubar jini, kuma ba likitan da zai rantse maka wanne ne sai anyi hoton ƙwaƙwalwa, wato siti sikan. Haka maganin hawan jini, mutane in sun gwada suka ga 200 sai hankali ya tashi a ɗura masa ƙwaya biyu lokaci guda, alhali in toshewa ce da gangan likitoci suke barin jinin a sama a kwana ɗaya biyun farko, yawanci sai ya haura wajen 220/120 suke taɓa shi, saboda ɓangaren ƙwaƙwalwar da bai gama lalacewa ba da wannan ƙarfin yake samun ɗan jinin da yake rayuwa a kai. Ga kuma suga, in ya faɗi ƙasa sosai yana kawo alamu irin na shanyewar jiki sak, gwajin minti ɗaya ne zai raba gardama. Akwai allurar da take narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar in an kai mutum cikin awa 4 da rabi da faruwar abin, tana da tsada kuma ba ko'ina ake samunta a ƙasar nan ba, amma ko babu ita zuwa da wuri yana ceton abubuwa da yawa.

Toh tunda asibiti ya zama dole, wanne? A cikin gari manyan na gwamnati sune Barau Dikko, asibitin koyarwa na jami'ar jiha, da asibitin sojoji na 44 wanda farar hula ma suna zuwa, sai janaral-janaral irin su Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada da Gwamna Awan a Kakuri da na Kawo. Sai kuma Shika, asibitin koyarwa na ABU a Zariya, wajen kilomita 80 daga nan, inda akwai likitocin ƙwaƙwalwa da jijiya da masu tiyatar kai. Na tarayya da yake Barnawa kuwa aikinsa yafi karkata ga lafiyar tunani da taɓin hankali, wasu da sun ji an ce ƙwaƙwalwa sai su nufi can, ba nan ake fara kai mai shanyewar jiki ba.

Abin da babban asibitin gwamnati ya fi kowa da shi shine yawan idanu a kan majinyaci. Akwai konsaltan, wato babban likita ƙwararre, akwai likitocin da suke ƙarƙashinsa suna neman ƙwarewa, akwai mai kwana a kan aiki, ga ɗakin gwaje-gwaje ga sashen gashi, wato masu motsa gaɓoɓi su sake koya wa jiki aiki, ga masu tsara abinci duk a harabar wuri ɗaya, kuma irin ciwon Baba sun ga ɗaruruwa ba yau suka fara ba. In da safe an zo zagaye za ka ga mutum biyar shida sun tsaya a kansa, wannan ya daddanna ƙafa wancan ya haska ido. Kuɗin gado ma da sauƙi in aka kwatanta. Amma kada wanda ya ruɗe ka cewa kyauta ne ko hutu ne. Yadda asibitocin gwamnati suke a ƙasar nan kusan ko'ina, mai jinya shine ɗan aike, kai za ka je ka biya kuɗi ka dawo da rasit, kai za ka siyo magani da safar hannu da sirinji, kai za ka bi sakamakon gwaji, wata rana ka iso imajensi a ce babu gado a jira. Nas ɗaya tana iya riƙe da gadaje da yawa da daddare, dan haka juya majinyaci da canza masa famfas da bashi abinci duk a wuyanku yake. Ga yajin aiki da yake iya faɗowa ana tsakiyar jinya, ga kwana a baranda da sauro. Gidan da bashi da matashi mai ƙafa wanda zai iya wuni yana zirga-zirga zai sha wuya sosai a nan, gara a san da wannan tun kafin a shiga.

Asibitin kuɗi kuma sauri yake sayarwa da natsuwa. Kana zuwa za a karɓe ka, gado yana nan, ɗaki ku kaɗai, banɗaki mai kyau, Mama tana iya zama kusa da mijinta ba tare da kunyar maza ashirin a ɗaki ɗaya ba, kuma wallahi wannan ba ƙaramin abu bane ga dattijon da bai taɓa buɗe jikinsa a gaban kowa ba. Sai dai asibitin kuɗi suna ne kawai ya haɗa su. Akwai manya masu na'urar hoton ƙwaƙwalwa da ɗakin kulawa ta musamman da konsaltan da yake leƙowa da yamma bayan ya tashi daga aikin gwamnati, akwai kuma mai ɗaki huɗu da likita ɗaya wanda a gidansa yake kwana, za a sa wa tsoho ƙarin ruwa a yi masa allurai a ce a jira a gani, kwana uku ba a yi hoto ba. Irin na biyun nan ga zazzaɓi ko haihuwa ba laifi, ga shanyewar jiki ɓata lokaci ne mai tsada. Kafin ku ajiye kuɗin kafin alƙalami ku tambaya ƙarara ba kunya, kuna da siti sikan a nan kuma yana aiki yau, in babu ina za a kai shi kuma da motar wa, likita yana kwana a cikin ginin nan, wa zai duba haɗiyarsa, kuna da mai gashi, in jiki ya rikice da tsakar dare ina za ku tura mu. Wurin kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Ita maganar ko na'ura tana aiki yau ɗin a yi ta ko'ina har a na gwamnati, na'ura ce, tana lalacewa.

Sai maganar kuɗi, kuma a nan naga gidaje da yawa suna faɗawa rami. Jinyar shanyewar jiki ba tafiyar Kawo zuwa Kasuwa bace, tafiyar Legas ce, wanda ya ƙone mansa kaf kafin ya wuce Abuja a hanya zai kwana. A ruɗewar makon farko kowa hannunsa a sake yake, a sayar da fili a ciwo bashi a kama ɗaki mafi tsada, lissafi yana hawa kullum, kuɗin gado daban na likita daban na nas daban na iskar oksijin daban, mako biyu aljihu ya bushe sai a kwaso tsoho a dawo na gwamnatin da aka guda tun farko, kuma lokacin gashi da magani da famfas na wata da watanni ya zo babu ko sisi. Alhali yawancin sauƙin da za a samu a waɗancan watannin yake. Akwai tsaka-tsaki da mutane suke mantawa da shi, ɓangaren ameniti na manyan asibitocin gwamnati, ka biya ƙari a baka ɗaki mai sirri amma likitocin asibitin ne dai suke duba ka. In akwai hali, ni a ganina wannan ya fi dacewa da tsoho fiye da ƙaramin asibitin kuɗi komai kyan fentinsa.

Ra'ayina a fili shine, in tsoho baya cikin hayyacinsa, ko yana amai, ko ya yi kukan ciwon kai mai tsanani kafin ya faɗi, ko yana jijjiga, a wuce babban asibitin gwamnati kai tsaye ko babban na kuɗi da aka tabbatar yana da hoto da ɗakin kulawa ta musamman. In yana gane mutane yana numfashi lafiya, asibitin kirki mafi kusa da zai iya yin hoto a ranar ya wadatar. Shika kuwa ban ga hikimar a ɗauko mutum a sume a kwantar da shi a bayan mota a kama hanyar Zariya ba tare da an fara daidaita shi a nan ba. A je can da takardar turawa da hoton a hannu, musamman in hoton ya nuna jini ya taru ana tunanin tiyata, ko likitocin nan sun ce abin ya fi ƙarfinsu. A kuma lissafa cewa jinya a Zariya gida biyu za a riƙe, abinci da wurin kwana da kuɗin mota kullum.

Duk inda kuka zaɓa, abin da zan roƙe ku ku sa wa ido fiye da komai shine haɗiya. Kusan rabin masu wannan ciwo haɗiyarsu tana taɓuwa a kwanakin farko, ruwa ko kunu maimakon ya bi hanyar ciki sai ya zarce huhu, bayan kwana biyu uku zazzaɓi ya taso da tari da numfashi sama-sama, nimoniya kenan, kuma tana cikin manyan abubuwan da suke kashe waɗanda shanyewar kanta ta bari da rai. Ina kallo wata Sista ta gwada Baba, ta ɗaga kan gadon ya zauna sosai, ta ɗebo ruwa a ƙaramin cokalin shayi ta zuba masa, ta ɗora yatsu biyu a maƙogwaronsa tana jira, sannan tace Baba ce "aa". Muryar ta fito a jiƙe kamar mai kurkure baki, bai yi tari ba ko sau ɗaya, mu a wajenmu ya haɗiye lafiya lau, ita kuwa ta girgiza kai tace daga yanzu ko ɗigo kada ya shiga bakinsa sai ta roba. Wasu ruwan yana sauka huhunsu shiru ba tari ba ƙwarewa. Robar hanci ba kyan gani, tsofaffi sun tsane ta suna fizge ta da hannun mai lafiya, dangi kuma in sun zo dubiya sai a fara, za ku kashe shi da yunwa, mutum da bakinsa a ce ta hanci zai ci. A yi haƙuri da su a yi musu bayani, amma kada a cire. Mafi yawa haɗiyar tana dawowa cikin makonni. Kuma a nan maganar rubutu da zamzam da zuma da man zaitun take shigowa, ba mai hana addu'a, a yi tofi a shafa masa, a kunna masa karatun Alƙur'ani a kusa da kunne, malam ya zo ya yi masa ruƙiyya, duk wannan alheri ne kuma shi kansa majinyacin yana samun natsuwa. Ɗura wani abu a bakin wanda baya haɗiya shine haɗarin, ko mene ne shi. Asibitin da aka kwantar da mai shanyewar jiki aka ce ku bashi shayi ba tare da kowa ya gwada haɗiyarsa ba, wannan kaɗai ya isa ya sa ku sake tunani a kan wurin.

Yanzu shawara ta biyu. Jini ya daidaita, zazzaɓi babu, likita yace za a sallame ku, sai tsoro ya kama kowa dan ga mutum har yanzu baya tashi, wasu su ce a roƙa a ƙara mako biyu, masu hali su ce a mayar da shi asibitin kuɗi ya cigaba da kwanciya har ya miƙe. A wannan gaɓar ni gida nake goyon baya, amma gidan da aka shirya. Daɗewa a gadon asibiti bayan an gama abin da asibiti zai yi ba ya ƙara lafiya, ƙwayoyin cuta masu taurin kai a can suke, tsoho yana wuni a kwance yana kallon silin, barci ba daɗi, masu jinya sun gaji sun fara faɗa da juna, kuɗi yana zuba. A gida yana jin kiran sallar masallacinsu, jikoki suna shigowa, tuwon da ya saba ake dama masa daidai haɗiyarsa, kuma sau da yawa a nan za ka ga ya fara ƙoƙari da kansa. Wanda bai kamata a yi gaggawar kai shi gida ba shine mai buƙatar oksijin, ko mai gyambo mai zurfi, ko wanda suga ko jininsa yake hawa da sauka, ko kuma gidan da gaskiya babu wanda zai tsaya a kansa dare da rana.

Shirin gida ba sai mai kuɗi ba amma sai anyi shi kafin ranar sallama. Ɗaki a ƙasa kusa da banɗaki mai iska, dan zafin Maris da Afrilu a Kaduna ga wanda yake kwance cikin famfas azaba ne kuma gumi yana saurin cinye fata. Gado mai ɗan tsayi ya fi katifa a ƙasa, ɗaga babban mutum daga ƙasa yana karya bayan mai jinya kuma shi ma koyon tashi daga bakin gado ya fi masa sauƙi. Kujerar bahaya in masan gidan na tsuguno ne, leda a ƙarƙashin zanin gado, filo uku huɗu, keken guragu ko na aro, na'urar gwada hawan jini. Katifar iska tana taimako amma da wuta take aiki, in NEPA ta ɗauke ta sace sai ya koma kan abu mai tauri, dan haka kada a dogara da ita a daina juyi. Juyin nan duk awa 2 ne, dare da rana. Mu zani muke shimfiɗawa a ƙarƙashinsa daga kafaɗa zuwa cinya, mutum biyu kowa ya kama gefe a mirgina shi a hankali, filo ɗaya a baya ɗaya tsakanin gwiwoyi ɗaya a ƙarƙashin hannun da ya shanye, sannan a haska fitilar waya a duba ƙugu da tsakiyar ɗuwawu da dugadugai. A fatarmu baƙa ba ja za ka gani ba, wurin zai yi duhu fiye da kewayensa ko ya yi sheƙi ko ɗumi, in ka ga haka gyambo ne yake sallama, kada a sake kwantar da shi ta nan. Gyambon kwanciya cikin kwana kaɗan yake buɗewa, warkewarsa kuwa sai a yi watanni ana wanki.

Wa zai yi aikin, nan ne gidaje suke ɓaci. In uba ne, wanka da tsarki ya fi masa sauƙi a hannun ɗa namiji ko matarsa, amma 'ya'ya maza suna wajen nema, matar kuma ita ma tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, sai a wayi gari an jibge komai a kan 'ya mace ɗaya ko matar ɗa wadda take da goyo, sauran suna bugo waya daga Abuja suna tambaya ya mai jiki. A zauna tun farko a raba, wa ke kwana wace rana, wa ke biyan me duk wata, a rubuta. Tsakanin ɗaukar nas da ɗaukar mai taimako kuwa, nas mai lasisi ta zauna wuni guda kullum tsada ne kuma yawanci ba a buƙata, abin da ya fi shine nas ta riƙa zuwa dan canza robar hanci ko ta fitsari da wanke gyambo a lokacin da aka tsara, aikin yau da kullum kuma a samu mutum mai amana mai ƙarfi, namiji ga namiji mace ga mace, ya zo asibiti kafin sallama a koya masa tare da ku. Ranar farko da na yi wa Baba tsarki ya juya fuskarsa bango hawaye yana zuba, a lokacin kalma ɗaya ce ta rage a bakinsa, "toh, toh", komai aka ce masa ita yake maimaitawa, amma yana fahimtar abin da ake yi sarai. A rufe ƙofa, a rufa masa zani, a gaya masa abin da za a yi kafin a taɓa shi, kuma kada a riƙa zancensa a kansa kamar baya wurin. Wanda ɓarin dama ya shanye shi yafi samun matsalar magana, dan ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne yake riƙe da harshe a yawancin mutane, ba hauka bane ba kuma rikicin tsufa ba.

Gashi shi ma zaɓi biyu ne, ku kai shi sashen gashi na asibiti ko ku kira mai gashi gida. Na asibiti ya fi araha a kowane zama, akwai kayan aiki irin ƙarafan koyon tafiya, kuma ganin wasu da suka fara takawa yana ƙarfafa zuciya, wahalarsa ɗauko wanda baya zama da kansa a cusa shi a Keke Napep daga Rigasa ko Unguwar Mu'azu a sha go-silo a bi layi, ya iso a galabaice. Na gida ya fi tsada amma mai gashin zai ga ainihin gadon da dokin ƙofar da banɗakin da tsoho zai yi fama da su ya koya muku a kansu, sai dai a kula, ba duk mai farar riga bane ya karanci aikin, a nemi wanda sashen gashi na asibiti suka sani. In da hali a fara da na gida har ya iya zama da kansa, sannan a koma zuwa asibiti. Kuma duk wanda aka zaɓa, awa ɗayan da mai gashi zai yi ba ita ce take tada mutum ba, maimaicin da ku za ku yi masa safe da yamma ne. Wata 3 na farko sune sauƙi yafi gudu, har zuwa wata 6, bayan nan yana cigaba amma a hankali, shi yasa jinkirta gashi dan a fara gwada wani abu asara ce babba. Masu tausar gargajiya da ƙaho kuwa abu biyu nake tsoro, ɓarin da ya shanye sau da yawa baya jin zafi sosai, sai a gasa shi da ruwan zafi ya ƙone bai sani ba, ga kuma wanda yake shan maganin tsinka jini a zo ana tsaga masa fata. Kafaɗar hannun da ya shanye ma a sake take, kada a kama wannan hannun a ja dan a tashe shi ko a sa masa riga, in ta goce ciwonta yana hana gashin gaba ɗaya. In za a sa riga a fara da hannun mara lafiya, in za a cire a ƙare da shi.

Wajen mutum 1 cikin 3 na masu wannan ciwo damuwa mai tsanani tana kama su, ya daina cin abinci ya ƙi gashi yace ku bar ni in mutu, a gaya wa likita dan akwai magani, ba raunin imani bane. Sallah ma a taimaka masa ya cigaba a zaune ko a kwance da taimama, kamar yadda hadisin Imrana ɗan Husaini ya bada sauƙi, rasa ta yana cikin abin da yafi ci wa dattawanmu rai.

Magani kuwa har abada ne, na hawan jini da na kitse da na tsinka jini in an rubuta, ba a dainawa dan an gwada an ga jini ya sauka, ai maganin ne ya saukar da shi. Gishiri ƙasa da giram 5 a wuni, bai kai cikin ƙaramin cokali ba, kuma dunƙulen miya yana cikin lissafin. A samu littafi a riƙa rubuta awon jini da na suga a tafi da shi ranar ganin likita. Ma'aikacin da yake da inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya, wato NHIA, kada ya ɗauka iyayensa suna ciki kai tsaye, tsarin mata ko miji ne da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18, iyaye sai an ƙara su da biyan ƙari, a kuma leƙa ofishin KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jiha, a ji tsarin da ya dace da tsoho. Wanda abin ya fi ƙarfinsa ya nemi sashen walwalar marasa lafiya a babban asibitin ya faɗi halin da yake ciki.

Bayan an koma gida, in aka ga zazzaɓi da tari, ko barci ya yi yawa ana tashinsa da ƙyar, ko jijjiga, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tayi zafi, ko fitsari ya tsaya, ko gyambo ya yi baƙi yana wari, ko wata sabuwar alama a fuska ko hannu ko magana, a koma asibiti a ranar, kuma gara wanda fayil ɗinsa yake can. A haɗa kati da takardar sallama da hoton ƙwaƙwalwar da ledar magungunansa duka a jaka ɗaya a rataye inda kowa a gidan ya sani, har da lambar direban da zai ɗauki waya da daddare.